Kafin a Raba Goro, a Nemi Takardar Kotun Gunduma

Shekara huɗu ke nan da aka ɗaura wa 'yar ƙanwata aure a Nima da wani ɗan zango mazaunin Bronx, a birnin Niyok. Mutumin kirki ne, mun san mahaifinsa, mun san gidansu. Da aka tambaye shi labarin matarsa ta can, sai ya ce sun rabu tun bara. Bai yi ƙarya ba. Ya sake ta a gaban shaidu, ta yi idda ta gama. Ina zaune a wurin, ina cikin masu faɗa a ji a gidan, amma ban ƙara tambaya ko ɗaya ba. Aka shafa fatiha, aka raba goro, ango ya koma da alkawarin zai cika wa amarya takardu ta bi shi. Sai da ya je wurin lauya sannan ya ji abin da ya kamata mu sani tun farko: auren nan na fari an yi masa rajista a hukumance, kuma babu alƙalin da ya raba shi. A idon dokar Amurka yana da mata, kuma doka ba ta san ta biyu ba. Yarinyar nan har yau tana ɗakin uwarta da igiyar aure a kanta, ga miji a bayan teku.

Ra'ayina shi ne, duk waliyyin da ɗan Amurka ya zo neman 'yarsa, in dai ya taɓa aure a can, wajibi ne ya nemi ganin takardar hukuncin raba auren mai hatimin kotu kafin a sa rana. Samun ta ba wuya ba ne ga wanda aka raba aurensa da gaske, sai dai yawancinmu ba mu san inda take kwana ba.

Amurka ba ta da wani ofishi guda a Washington da ke tattara sakin aure na ƙasa baki ɗaya. Aure da rabuwarsa al'amarin jihohi ne, kowace jiha da dokarta, kuma a cikin jiha fayil ɗin yana zaune ne a gundumar da aka yi shari'ar, wadda su ke kira kawunti. Gundumomin nan sun haura 3,000. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa mai neman aure ita ce: a wace gunduma aka raba ku? Wanda ya bi ta kotu ba zai yi inda-inda ba wajen amsa, don ko bai taka zauren shari'a da ƙafarsa ba, sunan gundumar yana rubuce a saman duk takardar da ya sa wa hannu.

A Niyok, inda 'yan'uwanmu suka fi yawa, abin yana da ɗan rikitarwa. Birnin kashi biyar ne, kuma kowane kashi gunduma ce mai zaman kanta. Bronx sunanta Bronx, amma Brooklyn a takarda Kings ce, Manhattan kuma ita ke ɗauke da sunan birnin, Staten Island ita ce Richmond, sai Queens. Kotun iyali ta jihar ba ta raba aure, tana duba abin da ya shafi riƙon yara da kuɗin ciyarwa ne. Don haka wanda ya nuna maka takardar kotun iyali bai nuna maka saki ba. Mai raba aure ita ce kotun da suke kira Kotun Ƙoli, duk da cewa a wannan jiha ita ce matakin farko na manyan shari'u, sunan ne kawai ya yi mata yawa. In alƙali ya sa hannu a hukunci, sai a shigar da shi a ofishin magatakardan gunduma, a can yake zama. Na Bronx yana cikin babban ginin kotu da ke kan titin Grand Concourse. Mutum zai je da shaidarsa mai hoto da lambar ƙarar, ya biya kuɗi kaɗan, a ba shi kwafi mai hatimi. In lambar ta ɓace, sunayen miji da mata da shekarar da aka shigar da ƙara sun isa a nemo ta.

Sai dai jihar Niyok ta rufe fayil ɗin shari'ar aure har tsawon shekara 100. Ba mai buɗe shi sai ma'auratan biyu ko lauyoyinsu, ko wanda ya zo da umarnin kotu. Ma'ana, ba za ka aiki ɗan'uwanka da ke can ya je ya kwaso maka sirrin gidan mutum ba, kuma hakan daidai ne. Shi mai neman auren ne zai karɓo ya kawo. Amma dokar ta bar wata ƙofa: kowa na iya neman gajeriyar takardar shaida daga magatakarda, wadda ke faɗin yadda shari'ar ta ƙare ba tare da tona abin da aka faɗa a cikinta ba. Waliyyi bai bukatar fiye da haka. Ba ruwansa da wa ya zagi wa, so yake ya san ko igiya ta tsinke, da ranar da ta tsinke. Ma'aikatar lafiya ta jihar ma tana riƙe da shaidar duk sakin da aka yi tun daga 1 ga Janairu, 1963, tana bai wa ɗaya daga cikin ma'auratan, kuma wannan yana taimakon matar da aka yi shari'ar ba ta nan, ba ta ma san gundumar ba.

Wasu jihohin sun fi sauƙi. A mafi yawansu rajistar kotu a buɗe take, gundumomi da dama ma sun sa jerin ƙararrakinsu a intanet, ana nema da suna. Masu zama a Columbus ta jihar Ohio, tasu gundumar ita ce Franklin.

Wurin da na fi so mai karatu ya tsaya shi ne kwanan wata. Takardun kotu suna kama da juna ga wanda bai saba ba, duka da tambari da baƙaƙen layuka. Akwai takardar shigar da ƙara, akwai yarjejeniyar zaman rabe, akwai hukuncin ƙarshe, kuma na ƙarshen nan ne kaɗai ke raba aure. Mutum zai iya shigar da ƙara yau shari'a ta kai shekara ba a gama ba. A jihar Massachusetts ma, inda 'yan Gana suka yi yawa a garin Worcester, bayan alƙali ya yanke hukunci sai an jira kwana 90 kafin ya tabbata, kuma a cikin kwanakin nan mutum yana nan da aurensa. Mu da muka tashi muka san idda bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. In aka ɗaura sabon aure kafin ranar da hukunci ya tabbata, ko da mako guda ne, hukumar shige da fice ta Amurka ba za ta karɓe shi ba, kuma raba na farkon daga baya ba ya gyara na biyun da kansa. Fom ɗin da miji ke cikawa don ɗauko matarsa, mai lamba I-130, yana neman shaidar ƙarewar kowane aure da ɗayansu ya taɓa yi, kuma za a sake duba ta a ofishin jakadanci a Accra ranar ganawar biza.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa. Za a ce wannan rashin kunya ne, ka dubi idon ɗan mutunci ka ce ya kawo takarda, kamar ka ɗauke shi maƙaryaci. Ni ban ga haka ba. Tun kakanninmu ana binciken asali da hali da sana'a kafin a ba da aure, ana aika dattijo har wani gari ya jiyo, ba wanda ya taɓa kiran wannan cin fuska. Yanzu garin ya yi nisa, dattijo ba shi da biza, takardar ce ta tsaya a madadinsa. Kuma surukinmu bai yaudare mu ba, shi kansa bai sani ba. Da mun tambaya, da mun cece shi tare da yarinyar.

Akwai iri biyu da suka fi ba ni tsoro. Na farko shi ne wanda ya yi auren takarda a farkon zuwansa, bai taɓa ɗaukar sa aure ba, har ya manta da shi, ya zo gida yana rantsuwa shi saurayi ne, alhali rajistar ofishin aure ba ta manta ba. Na biyu shi ne wanda ya ce a masallaci kawai aka ɗaura, ba su je ofis ba. A jihar Niyok doka ta ce rashin lasisi kaɗai ba ya ɓata auren da aka ɗaura tsakanin baligai, saboda haka ɗaurin masallaci na iya zama cikakken aure a gaban alƙali. Irin wannan sai ya ga lauya kafin ya sayi tikitin jirgi.

Mu ma a gida ba mu kuɓuta ba. Tun 1907 akwai doka a Gana da ta tanadi yin rajistar auren Musulmi da sakinsa, amma gidaje nawa ne a Nima ko zangon Kumasi suka taɓa bin ta? Bazawarar da za ta bi sabon miji Amurka, ita ma za a tambaye ta shaidar ƙarewar aurenta na baya, kuma ɗan guntun takardar da tsohon miji ya rubuta cikin fushi ba lallai ya wadatar ba.

Surukinmu ya shigar da ƙara a Bronx a ƙarshe, kuma hukunci ya fito a watan jiya. Na ce ya aiko mini da hoton shafin da ke ɗauke da sa hannun alƙali da hatimin magatakarda, ya aiko ba gardama. Lauyansa ya ce sai an sake yin auren a hukumance da sabon kwanan wata kafin a cika fom daga farko. Mun sa ranar bayan Babbar Salla.