Ranar 3 Ga Fabrairu: Abin Da Ya Kamata Mutanen Jos Su Tuna

Kowane ɗan makaranta a Jos ya san ranar 1 ga Oktoba, amma da wuya a sami wanda zai faɗi abin da ya faru ran 3 ga Fabrairu. Wannan kuwa abin kunya ne, domin a ranar ce aka haifi jiharsa.

Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammed ya yi wa jama'a jawabi, ya mai da jihohin Nijeriya 19 maimakon 12. Aka raba Jihar Binuwai da Filato, Jos ta zama hedkwatar sabuwar Jihar Filato, Makurɗi kuma ta Binuwai. A jawabin nan ne ya ba da sanarwar ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko zuwa inda Abuja take yanzu. Bayan kwana goma aka harbe shi.

Ranar tana da tarihi a wasu ƙasashe ma. A cikinta aka haifi Elizabeth Blackwell a Ingila a 1821, mace ta farko da ta sami digirin likita a Amurka. A 1960 Firayim Ministan Ingila, Harold Macmillan, ya gaya wa majalisar Afirka ta Kudu cewa iskar canji tana kaɗawa a Afirka. A 1969 kuma aka kashe Eduardo Mondlane, jagoran 'yan gwagwarmayar Mozambik, da bam a cikin ƙunshin saƙo a Darussalam, amma duk da haka ƙasarsa ta sami 'yanci a 1975.

To, me mutanen Filato suka yi da tasu ranar? An ƙirƙiro jihohi ne don a kawo gwamnati kusa da talaka, a kuma kawar da tsoron danniya. An yi rabo a 1967, an sake a 1976, aka kuma cire Nasarawa daga Filato a 1996. Duk da haka Jos ta sha zubar da jini a 2001 da 2008 da 2010, tsakanin maƙwabtan da kakanninsu suka haƙa kuza tare. Ashe shata iyaka ba ya maganin gaba sai an haɗa da adalci.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta sa wannan rana cikin darasin tarihi. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya buɗe ƙofa ga 'yan makaranta kyauta a ranar, malaman Jami'ar Jos kuma su yi musu bayani. Yaron Unguwar Rogo da na Tudun Wada su zauna a benci ɗaya, su ji dalilin da ya sa aka ba su jiha. Wanda bai san mafari ba, ba zai san abin da zai yi asara ba.