Sola a gona: waya za ta sanar da kai, amma wa zai tashi ya je?



Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, lissafin noman rani ya rikice. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Ƙaramin injin ban ruwan nan da shirin Fadama da hukumar BSADP suka yaɗa a fadamunmu ya koma yana cinye ribar tumatir da albasa tun kafin a kai kasuwar Muda Lawal. Shi ya sa mutanenmu suka juya ga sola, daga Liman Katagum har Luda, kuma mu a ƙungiya muna ganin sun yi daidai.

Sai dai akwai bambancin da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Injin fetur kana gama ban ruwa ka ɗora shi a babur ka kai gida. Sola kuwa a gona take kwana. Dukiyar da mutum ya sayar da sa ko ya ci bashi ya haɗa, ga ta a fili, nesa da gari, kowa na gani.

Masu sayar da kayan sun zo da amsarsu: wani ɗan akwati da ake haɗawa da kwantirolar famfo, a sa masa sim. Shi ke aiko maka a waya yawan wutar da farantan ke bayarwa, da awa nawa famfo ya yi aiki, wani ma har da yawan ruwan da aka ja. Manyan kamfanonin famfo irin su Lorentz da Grundfos suna da irin wannan tsari, akwai kuma masu sauƙin kuɗi. Muna goyon bayan a saya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a kira shi mai gadi.

Inda yake da amfani ƙwarai shi ne ɓarnar da ba ta ƙara. Lokacin hunturu ƙura kan lulluɓe faranti, wuta ta ragu a hankali, manomi ya ga ruwa ya yi rauni ya ɗauka famfo ne ya tsufa, alhali wanki kawai ake buƙata da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Wanda ke ganin lambobin a waya zai gane da wuri. Haka a watan Maris da Afrilu, idan ruwan ƙasa ya ja baya, famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda muke kira sumo, yakan ci gaba da juyawa ba ruwa har ya ƙone. Akwai ɗan ma'aunin da ke kashe shi da kansa idan ruwa ya yi ƙasa, kuma kuɗinsa bai kai kashi kaɗan na kuɗin sabon famfo ba. Duk wanda zai haɗa maka sola bai ambaci wannan ba, ka tambaye shi dalili. Ka tambaye shi kuma ina sandar da ake kafawa a ƙasa don tsawa, domin da damina aradu ɗaya ta isa ta ƙone kwantirola.

Batun sata kuwa, a nan ne muke so a tsaya a yi tunani. Yawancin famfunan sola na gona ba su da batir, rana ce ke juya su kai tsaye. Da dare faranti ba ya ba da wuta ko kaɗan, ko yana nan ko ba ya nan. Ke nan idan ɓarawo ya kwance shi da ƙarfe biyun dare, akwatin nan ba shi da abin da zai gani, wani ma barci yake yi tunda shi ma ranar yake jira. Sai gari ya waye, wuta ba ta zo ba, sannan saƙo ya shigo. A lokacin kaya sun yi nisa.

Abin da ke aiki da dare daban ne: siririyar waya da ake zagayawa ta jikin kowane faranti, haɗe da ƙararrawa mai ɗan batirinta, wadda da zarar an yanke za ta yi ƙara ta kuma aika saƙo. Ko ita ma tana da sharaɗi. Dole a samu sabis a wurin, kuma mun san akwai kwarin da sai ka hau tudu kafin kira ya shiga, don haka a gwada layi a gonar kafin a biya. Dole a riƙa sa wa sim ɗin kuɗi, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya na rufe shi. Sannan babbar tambaya: saƙo ya shigo da tsakar dare, kai kana Yalwa ko Gwallameji, wa zai je? Ba za mu shawarci kowa ya hau babur shi kaɗai ya tunkari mutanen da bai san me ke hannunsu ba.

Wasu sun ce gara a riƙa kwance farantan kullum da yamma a kai gida. Ga mai faranti biyu, to, ba laifi. Ga mai takwas ko goma wahala ce, kuma jijjiga a kan babur ko amalanke tana tsatstsaga su ta ciki inda ido ba ya gani, mahaɗan wayoyin ma su saki.

Shawararmu ita ce a daina fuskantar abin ɗai-ɗai. Gonakin da ke maƙwabtaka a fadama ɗaya su haɗa kuɗin mai gadi ɗaya, kuma lambarsa da ta shugaban 'yan sintirin unguwa su kasance cikin waɗanda saƙon ke zuwa musu, ba ta mai gona kaɗai ba. A sanar da mai unguwa, a sanar da 'yan sanda ko jami'an Sibil Difens, waɗanda ke da sashen tsaron gonaki. A ɗaga ƙarfen da ake ɗora farantan sama, a ɗaure su da kusoshin da sifana ba ta kwancewa, a binne wayoyi cikin bututu, tunda tagullar ciki ita ma abin nema ce. Sannan mu dubi kanmu: farantin da aka kawo maka a rabin farashi, ba rasit, ba kwali, daga gonar wani ya fito. Muddin muna saye, za a ci gaba da kwancewa.

Sai gargaɗi ga masu karɓar kaya a biya kaɗan-kaɗan. Sim ɗin da ke kawo maka labari shi ne kuma makullin kamfani. Da haka M-KOPA da SunCulture suke aiki a Kenya, da haka Lumos ta shigo Najeriya tare da MTN: idan biya ya tsaya, a rufe na'urar daga ofis. Wannan ba zalunci ba ne, da shi suke iya bai wa talaka bashi. Amma fitilar ɗaki daban, famfon gona daban. Rashin ruwa a watan Maris yana iya kashe barkono. Kafin ka sa hannu, a rubuta maka kwana nawa za a ɗaga maka ƙafa, wa ke biyan data, ko za a iya daidaita biyan da lokacin girbi, da kuma ko za a cire makullin gaba ɗaya bayan biyan ƙarshe.

A namu ɓangaren, ƙungiya za ta buɗe rajista. Kowane faranti yana da lambarsa a jikin takardar da ke manne a bayansa, haka famfo da kwantirola. Ku ɗauki hoton lambobin da na rasit ku kawo, ku kuma rubuta sunanku da fenti a jikin firam ɗin da bayan farantin, ban da kan gilashi. Muna kuma neman matasanmu da suka karanta harkar lantarki a ATBU ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko ta Tatari Ali su ba da sunayensu, don mu samu waɗanda za su riƙa duba saƙonnin da zagaya gonakin mambobi a kan kuɗin da za a amince da shi a zama na gaba.