Yasar magudana da sokawe: nauyin da ya koma kan mai gida

Damina a Abuja kan faɗi tun cikin watan Afrilu, ba kuma ta ɗaukewa sai Oktoba. A tsawon waɗannan watanni, gidaje da dama a Kubwa, Lugbe, Karu da Nyanya kan wayi gari da ruwa kwance a tsakar gida, ga wari na tashi daga bakin sokawe. Akasarin mazauna unguwannin ma'aikata ne, kuma abin da suka fi yi shi ne jiran hukuma.

Wannan jira gado ne na wani zamani da ya shuɗe. Kafin gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus ɗin gida zuwa kuɗi a 2003, ta kuma fara sayar da gidajenta na Abuja a 2005, ma'aikaci rahoto kawai yake kaiwa, sashen gyara ya turo leburori. Yau gidan nasa ne ko na haya, amma ɗabi'ar ba ta sauya ba. Ƙari a kan haka, babban bututun ƙazanta da ke zuba a matatar Wupa bai kai yawancin garuruwan kewaye ba. Can kowane gida da tankin masai da sokawe yake dogaro.

Toshewar ba ta faruwa dare ɗaya. Yashi da ganye da ledar fiya wata su ne ke taruwa a bakin rariya, man girki kuma ya daskare a cikin bututu. An shafe tsakar gida kaf da siminti, ƙasa ba ta da inda za ta sha ruwa. Wasu magina ma kan karkata ruwan indararo zuwa sokawe, alhali an haƙa shi ne don ya tsotse ruwan da ya fito daga tankin masai sannu a hankali. In aka shekara da shekaru ba a kwashe tankin ba, dagwalo kan tsallaka ya liƙe bangon ramin, daga nan ruwa ya daina nutsewa.

Maganin ba shi da tsada in an yi shi da wuri: a ɗaga murfin rariya a kwashe yashi kafin ruwan farko, a zura sandar yasa a bututu, a raba hanyar ruwan sama da ta masai, a kira motar kwasa tun tanki bai cika ba. Zuba asid ko kananzir ba ya buɗe ramin da ya toshe, sai dai ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta. Tura yaro ko lebura cikin ramin kuwa ganganci ne, domin iskar da ke ciki na iya kashe mutum cikin mintuna.

Mafi muni shi ne masu fakewa da ruwan dare su saki sokawe cikin kwata. Ƙazantar a rijiyar maƙwabci take ƙarewa, kuma Abuja ba ta manta da kwalarar 2021 ba. Ambaliyar rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023 ita ma ta nuna abin da ruwa ke yi idan ya rasa hanya.

Hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, da ƙananan hukumomin yankin na da nasu alhakin: yashe manyan magudanu, sa ido kan inda motocin kwasa ke juye kayansu, da hukunta mai laifi komai muƙaminsa. Amma abin da ke cikin katanga na mai gida ne. Ma'aikacin da ke rubuta takardar umarni kan tsaftar birni, ya kamata a iske rariyar gidansa a buɗe. Ƙungiyoyin mazauna unguwa su sa ranar yasa tun a watan Maris, masu gidajen haya kuma su rubuta a yarjejeniya wanda kuɗin kwasa ke wuyansa, kafin hadari ya haɗu.