In Kwamfuta Ta Yi Kuskure, Wane Kira Za A Tuhuma?

Ran 9 ga watan Satumba, 1947, ma'aikatan wata ƙatuwar na'ura mai suna Mark II ta Jami'ar Harvard a Amurka suka ga aiki ya cije. Da suka bincika sai suka tarar da wani ƙwaro, irin waɗanda kan kewaya fitila da dare, ya maƙale a makunni na 70. Suka ciro shi suka manna a littafin rajista, suka rubuta lokaci, wato ƙarfe huɗu saura kwata na yamma. Littafin yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington. Abin lura shi ne, mutanen nan ba su tsaya ga cewa an sami ɓarna ba, sai da suka faɗi wuri da lokaci.

To, a yau wuri da lokaci ba su isa ba. Shirin kwamfuta a kan gina shi ne da ƙananan sassa, kowanne da aikinsa, waɗanda masana ke kira fanshin. Fanshin kamar ɗan aike ne: a kira shi, a danƙa masa saƙo, ya je ya dawo da amsa. Amma ɗan aiken nan a kan kira shi sau dubbai cikin minti guda, sau da yawa kuma kiraye-kirayen a tare suke tafiya.

Mai karatu ya ɗauki misalin fanshin da ke aika kuɗi. Mutum dubu sun aika, na mutum ɗaya ya maƙale a hanya. Kundin rahoto, inda shirin ke rubuta abin da ya gudana, ya nuna an yi kuskure a layi kaza na fanshin kaza. Madalla, amma a kiran wa? Layukan mutum dubun nan sun cuɗanya, ba a san wanda ya bi wani ba. Neman mai laifi ya zama allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, alhali kuwa mai kuɗi yana can yana jira, watakila ma kuɗin magani ne.

Harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ya sami sashen rubuta rahoto mai suna logging a 2003. Sashen yana iya rubuta lokaci, da sunan fanshin, da lambar layi, har da jerin fanshin ɗin da aka ratsa kafin a faɗi. Duk wannan yana nuna inda aka yi tuntuɓe ne, bai nuna wanda ya yi ba.

Maganin abin kuwa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa karɓar kati a asibiti. Kowane majinyaci da lambarsa, lambar nan kuma ita ce ke bin sa daga wurin likita zuwa ɗakin gwaji har ɗakin magani. Haka ya kamata kowane kira ya sami lambar shaida tun daga ƙofa, a kuma buga ta a kan kowane layi da ya rubuta. In kuskure ya auku, sai a nemi lambar, labarin wannan kira shi kaɗai ya fito daga farko har ƙarshe.

Sai dai ba kowace lamba ce za ta yi ba. In aka ce a ƙirga ɗaya, biyu, uku, ran da aka kashe shirin aka tayar sai lissafi ya koma farko, kuma na'urori biyu masu aiki ɗaya za su riƙa ba da lamba iri guda. In aka dogara da agogo, kira biyu na iya faɗowa a lokaci ɗaya. Saboda haka aka fi amfani da lambar da ake kira UUID, wadda Python ya tanadi sashenta tun 2006. Tana da harafi 32, gamin alƙaluma da baƙaƙe, nau'inta na huɗu kuwa kamar ƙuri'a ake fitar da shi. Bisa lissafi, ko da za a riƙa fitar da biliyan ɗaya kowane sakan, sai an shafe fiye da shekara 80 kafin yiwuwar biyu su zo ɗaya ta kai rabi.

Saura yadda lambar za ta bi kira, domin ɗan aike shi ma yakan aiki wani. Miƙa ta hannu da hannu wahala ne, kuma ana mantuwa. A 2018 Python ya sami sashen contextvars, wanda ke riƙe wa kowane aiki lambarsa ko da ayyuka da yawa suna gudana tare. Idan kuma saƙo zai ƙetara zuwa wata na'ura, kamfanin Google ya bayyana tsarinsa mai suna Dapper a 2010, sa'an nan a 2020 ƙungiyar W3C ta tsayar da ƙa'idar yadda lamba za ta bi saƙo ta intanet.

Akwai gargaɗi guda. Waɗansu, don su gane kira, sukan zuba duk abin da aka danƙa wa fanshin cikin kundi. Nan ne garin neman gira a kan rasa ido. A watan Mayu na 2018 kamfanin Twitter ya sanar cewa wata tangarɗa ta sa kalmomin sirri na jama'a sun shiga wani kundinsa na cikin gida ba a ɓoye ba, har ya shawarci masu amfani da shi duka su sake nasu. Lambar shaida ba ta tona asirin kowa, ta isa ta yi jagora.

Aikin nan bai wuce 'yan layuka ba in an yi shi tun ana gini. Wanda ya bari sai ɓarna ta auku, kundin da ya riga ya rubutu ba ya gyaruwa, sai dai ya zauna jiran kuskuren ya sake faɗa wa wani bawan Allah. Rigakafi dai ya fi magani.