BILICIN YA SAKE RIGA, YANZU "SIRAM" AKE CE MASA

Duk wanda ya zaga kasuwannin ƙasar nan a 'yan shekarun nan zai ga wani sabon bala'i da ya kunno kai cikin 'yan ƙananan kwalabe masu bakin ɗigo. Sunansa siram. A da mata kaɗai ake yi wa wannan tarko, amma yau sai ka iske ƙato da gemunsa, fuska jawur kamar an yaɓa mata manja, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin, yana bugun ƙirji wai shi "na gargajiya" yake shafawa. Wai shin yaushe samari suka lalace haka?

Domin kada a yi kitso da ƙwarƙwata, ya kamata a fara sanin mene ne siram ɗin. Ruwa ne ko mai marar kauri, wanda aka tattara sinadarin gyaran fata mai ƙarfi a cikinsa, ana ɗiga kaɗan a fuska bayan an wanke ta, kafin a shafa mai. Na ƙwarai yakan ƙunshi abubuwa irin su bitamin C, aikinsa kuwa bai wuce rage bushewa da tabon ƙuraje ba. Wannan ba laifi ba ne, don tsafta da kula da jiki ba su taɓa zama abin kunya ga namiji ba. Laifin yana ga mayaudaran da suka ga an waye da man bilicin, sai suka juye shi cikin sabuwar kwalba, suka liƙa hoton ganye, suka rubuta "oganik".

Abubuwa uku ne aka fi kamawa cikin irin wannan haɗi. Na farko haidrokwinon, wanda ke hana fata yin melanin, wato sinadarin da ke ba ta launi yana kuma kare ta daga zafin rana. In aka daɗe ana shafa shi sai fatar ta koma yin wani baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi wanda da wuya ya goge, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Na biyu sitiroid, maganin da likita ke bayarwa na ɗan lokaci, wanda in aka mayar da shi man kullum yakan sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙuraje su feso, ciwo ya ƙi warkewa, har ya kai ga hawan jini da ciwon sukari. Na uku zaiba, wadda ke ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma tana iya shafar iyalin gida ta tawul da zanen gado.

Wannan ba ƙirƙira ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan hasken fata. Kodebuwa ta haramta su a 2015, Ghana ta hana masu haidrokwinon a 2016, sannan a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. To, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan jari-hujja sun daɗe da gane cewa wanda aka sa ya raina launinsa ya zama saniyar tatsa har abada. A Indiya, tun 2005 aka fito da Fair and Handsome takanas don maza, kuma sai a 2020, da matsin lamba ya yi yawa, aka sake wa Fair & Lovely suna. Mulkin mallaka ya naɗe tutarsa, amma ya bar sansani a cikin zukata.

Abin takaicin shi ne, ƙasar da samarinta ke rububin kwalbar waje ita ce kan gaba a duniya wajen samar da kaɗanya. Ana kwashe ta ɗanya a araha, a sarrafa a Turai, a dawo da ita da tsadar tsiya, har ta kai a watan Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida. Man kaɗen da kakanni suka yi maganin hunturu da shi, shi ne yau jikoki ke saye da sunan Turanci!

Sai dai kuma kada a ɗauka duk abin da ya fito daga itace lafiya ne, ai tunya ma tsiro ce. Ruwan lemon tsami da wasu ke gogawa a fuska yakan ƙone fata in ta haɗu da rana, mai mai kauri kuma yakan ƙara wa mai maiƙon fuska ƙuraje. Saboda haka matashi mai hankali zai duba lambar NAFDAC da jerin abubuwan da aka haɗa. Kwalbar da ba ta da su, ko wadda ta yi alkawarin fari cikin kwana bakwai, ya bar wa mai ita. Ya fara gwada ɗigo a bayan kunne, ya jira kwana biyu ya gani. Siram mai bitamin C yana son kwalba mai duhu, in ya rine ya koma ruwan ƙasa, ya lalace. Wanda kuwa ya riga ya daɗe yana shafa haɗin sitiroid, to, ya nemi likitan fata, don yanke shi farat ɗaya yakan tayar da fuska.

Gyara daban, canza halitta daban. Saurayin da ya kasa zama lafiya da fatar da Allah Ya suturta shi da ita, da wace zuciya zai tsaya gaban azzalumi? Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah Ya sa masu kunne su ji.