Wai na zubar da girman aiki don na hau tsohon mashin

Ranar Alhamis wani abokin karatunmu ya hango ni a kan titin Zariya, daidai Gyadi-Gyadi, ina kan mashin, jakar ofis a rataye, rana tana dukana. Bai tsaya mun gaisa ba. Hotona ya ɗauka ta gilashin motarsa, ya jefa a zauren WhatsApp ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, ya rubuta a ƙasa wai a yi wa Malam karo-karo, rayuwa ta gama da shi. Aka yi ta dariya. Wani ya ce mutum da digirinsa, shekara 18 yana aikin gwamnati, bai kamata a gan shi a kan abin da ko ɗan acaɓa zai raina ba. Wani kuma, wanda ya fi su tausayi, ya biyo ni ta gefe yana ba ni shawara in sayar da wannan akwalar in ci bashi in sayi sabo, tunda dai na nace sai mashin.

A can ban ce uffan ba. A nan zan amsa, don na san da yawanku masu karanta wannan kuna da mota a kwance a gida an lulluɓe ta da tamfol, kuma kunya ce kaɗai ta hana ku yin abin da na yi.

Mashin ɗin Honda XL 125 ne, ya girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Irin dogayen nan ne masu babbar tayar gaba da aka ƙera don hanyar daji, waɗanda muna yara muke gani a hannun malaman gona suna ratsa ƙauyuka. Na saye shi a hannun wani dattijo ɗan fansho a Tarauni cikin watan Yulin 2023. Kun dai tuna lokacin. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin kwana uku lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a Yuli ta wuce 600, a ƙarshen 2024 kuma muka saye ta sama da dubu.

To ga lissafina, mai ja ya zo da nasa. Daga Babban Giji zuwa ofis da dawowa, haɗe da cefane a kasuwar Tarauni, gaisuwar rasuwa, ɗaurin aure da zuwa gaida Hajiya a cikin gari, ina yin kamar kilomita 600 a wata. Tsohuwar Golf ɗina, a cunkoson safe, lita ɗaya ba ta kai ni fiye da kilomita 8. Lita 75 ke nan. A kan naira 1,050 ya kama 78,750. Mafi ƙarancin albashin da Gwamna Abba ya amince da shi 71,000 ne. Wato motata ita kaɗai tana shanye abin da ya fi albashin masinjan ofishinmu gaba ɗaya, kuma ba a zo maganar baƙin mai da taya da bakanike ba. Mashin kuwa yana ba ni kilomita 33 a lita. Lita 18 a wata, kuɗin bai kai dubu 20 ba. Ba a takardar kamfani na karanto wannan ba. Cika tanki nake in rubuta lambar mita a bayan littafina, in ya sauka in sake cikawa in raba. Wata shida na yi ina haka.

Kusan dubu 60 ke nan nake tsira da ita duk wata. Ita ce take biyan kuɗin makarantar yara biyu ba tare da na je ina sosa ƙeya a gaban wani ba.

Masu cewa tsohon mashin shan mai gare shi, rabin gaskiya suka faɗa, kuma da sun tambaya da an ƙarasa musu. Injin mashin iri biyu ne. Akwai mai hayaƙi, irin su Yamaha DT da AG 100, wanda yake ƙona baƙin mai na musamman tare da fetur. Shi wannan yadda aka gina shi, wani kaso na man yana ficewa ta salansa tun bai ƙone ba, shi ya sa yake da zafin tashi, shi ya sa kuma yake da haɗama. Duk mai neman sauƙin mai ya sayi DT don ƙararsa tana burge shi, ya yi kuka da kansa. Nawa mai bawul ne, baƙin mansa yana zaune a gindin inji, fetur kaɗai yake ƙonawa. Abin da ke sa irinsa ya zama ɗan shaye-shaye ba tsufa ba ne, sakaci ne: kafireto ya toshe an ƙi wankewa, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, fulogi ya yi baƙi ƙirin, taya ba iska, sarƙa ta bushe tana kuka. Duk wannan aikin safiyar Asabar ne a gaban bakanike. (Af, wani yaro ya turo min bidiyon turawan Ingila da Sifaniya suna hawa duwatsu a tsaye a kan wasu mashina marasa wurin zama, yana tambaya ko irin nawa ne. Ba irinsa ba ne. Wancan na wasa ne, tankinsa ko Wudil ba zai kai ka ba.)

Sai kai mai ba ni shawarar sabo. Na yarda roba-roba ya fi nawa sauƙin mai, ba na musu. Mu ɗauka yana yin kilomita 45 a lita, zai rage min kamar lita 5 a wata, dubu biyar da 'yan kai. Lokacin da na yi wannan lissafin, sabon mashin ya doshi miliyan, wani ma ya haura. Raba ka gani. Kusan shekara 16 kafin in fanshe, ni kuwa saura 17 in yi ritaya. Ga shi kuma da damina, ran da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya lungunanmu suka cika, ina wucewa a kan dogon nan ina kallon masu roba-roba sun naɗe wando suna turi. A ƙofar masallacin Juma'a ma ba na sallah da rabin zuciya, ɓarawo bai san wa zai sayar wa ba.

Amma duk wannan ba shi ne ainihin abin da ya ba su dariya ba. Girma ne. Kuma ina so a gaya min yaushe mashin ya zama abin kunya ga ma'aikaci a garin nan. Lokacin da aka biya kuɗin Udoji a 1975, me iyayenmu suka saya? Honda Benly da Vespa da Mobilet. Hedimasta a kan Vespa yake zuwa makaranta, ana durƙusa masa. Malamin asibiti haka. Sai da acaɓa ta cika gari muka fara ɗaukar duk wanda ke kan taya biyu a matsayin wanda ya rasa. An hana acaɓa a Kano tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, amma rainin bai tafi da ita ba, ya zauna a kawunanmu. Yau ma'aikaci ya gwammace ya tsaya rabin awa a bakin titi yana cinikin Adaidaita Sahu, a cusa shi da mutum huɗu, da a ce an gan shi a mashin. Wani kuma yana fito da mota daga ranar albashi zuwa goma ga wata, daga nan sai ka ji wai tana wajen bakanike. Duk wata tana wajen bakanike. Haba Alhaji, mun san bakaniken nan, sunansa gidan mai.

Ba na ɓoye aibin abina. Mashin ba shi da ƙofa, wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san me nake nufi, shi ya sa nake sa hular kwano duk da ita ma ana yi min dariyarta. Kayan gyaransa na wahala, akwai lokacin da na yi sati uku ina zarya tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a kan abu ɗan mitsitsi. Ba na ɗaukar iyali a kai, motar tana nan, tana fita in za mu unguwa da maiɗakina ko in yaro ba lafiya da dare. Kuma ban ce cire tallafi alheri ne a gare mu ba, jikina ya gaya min. Abin da na ƙi shi ne in ƙara wa kaina azaba a kan wadda aka ɗora min, don kawai wani da bai san yadda na kwana ba ya ga na fito da mukullin mota a hannu.

Shi kuwa mai hoton, ɗan uwana, ba zan faɗi sunanka ba. Saƙon da ka turo min ranar 19 ga watan jiya, na a ranta maka dubu goma ka zuba mai, yana nan a wayata, kuma daga rarar mashin ɗin nan na tura maka. Ba na gaggawa. Litinin ƙarfe bakwai da rabi zan sake biyowa ta wurin, in za ka ɗauki wani hoton ka sauke gilashi mu gaisa tukuna.