A Buɗe Wa 'Yan Unguwa Ƙofar Horon Shugabanci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan shirye-shiryen horas da matasa shugabanci, waɗanda ake yayata su duk shekara a Facebook da WhatsApp, yaranmu kuma suna ta rububin cike fom. Ina ganin amfaninsu, kuma ina yi wa duk wanda Allah ya ba gurbi murna. Damuwata a kan waɗanda ƙofar ba ta taɓa buɗe musu ba ne.

Mafi suna a cikin shirye-shiryen shi ne na Mandela Washington, reshen shirin horas da matasan shugabannin Afirka, wato YALI, da tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya ƙaddamar a 2010. An fara kai matasa Amurka a 2014 da mutum 500 daga ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. An riƙa ɗaukar 'yan shekara 25 zuwa 35, su yi mako shida a jami'o'in can suna koyon kasuwanci ko aikin al'umma ko tafiyar da mulki. An kuma buɗe cibiyoyin yanki a Accra da Dakar da Nairobi da Pretoria don waɗanda za a horas a nahiyarmu. A gida Najeriya, gidauniyar Tony Elumelu ta ware dala miliyan 100 a 2015 don horas da masu ƙananan sana'o'i tare da ba kowanne jarin dala 5,000. Gwamnatin Jihar Kaduna ma ta kafa nata a 2018 da sunan Sa Kashim Ibrahim, gwamnan tsohuwar Jihar Arewa, inda matashi yake shekara guda yana aiki kafaɗa da kafaɗa da manyan jami'an gwamnati.

To, sai mu duba sharuɗɗan shiga. Fom a intanet ake cike shi, ga tsadar data, ga rashin sabis a ƙauyuka da yawa. Sai an rubuta bayanai masu tsawo da Turanci, mutum ya tallata kansa, ya lissafa abin da ya yi wa jama'a. Mai neman zuwa Amurka kuma sai ya zauna gaban masu tantancewa a ofishin jakadanci ya amsa tambayoyi da Turanci. Duk wanda ya san tarbiyyar Bahaushe ya san cewa yabon kai abin kunya ne a wurinmu. Yarinyar da ta tara matan layinsu suka yi adashi har suka sayi injin markaɗe, idan ka ce ta rubuta nasarorinta, cewa za ta yi ai ba ta yi komai ba. Ɗan birnin da ya saba da yaren ƙungiyoyin agaji kuwa, taro ɗaya da ya shirya a otal ya ishe shi cika shafi uku. A irin wannan tantancewa, iya Turanci da iya rubuta takarda su suke cin gasa.

Alhali a kowace unguwa akwai shugabannin da suke tasowa ba tare da kowa ya naɗa su ba. Akwai saurayin da ya haɗa 'yan sintiri har satar waya ta ragu a layi. Akwai malamar Islamiyya da matan aure suke kai wa kukansu kafin su kai wa iyayensu. Akwai ungozomar da take lallashin mai gida ya bar matarsa ta je awo, da sakataren ƙungiyar manoman rani da yake raba ruwa a fadama ba tare da an zubar da jini ba, da shugaban 'yan adaidaita sahu da yake sasanta direbobi da hukuma. Jama'a sun riga sun amince da su. Abin da ya rage musu shi ne sanin yadda ake karanta kasafin kuɗi, da rubuta takardar koke, da ajiye lissafin ƙungiya, da sanin ofishin da za a ƙwanƙwasa idan rijiyar burtsatse ta lalace. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da horo yake bayarwa.

Mun ga aikin irin waɗannan mutane da idonmu a yaƙi da cutar shan inna. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafi a Kano saboda zargi da rashin yarda, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe. Ƙwararru da kuɗin waje suna nan, amma ƙofofin gidaje a rufe suke. Sai da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da lafiya a matakin farko a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga, aka ɗauki matan unguwa suna bi gida-gida suna yi wa 'yan'uwansu mata bayani da harshen da suke ji. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a nan haka aka yi.

Tarihin siyasarmu ma ya ba mu misalai biyu. Malam Aminu Kano ya sami gurbin ƙaro ilimi a Landan a shekarun 1940, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, ya ƙare rayuwarsa cikin talakawa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya kuwa karatunta na boko bai wuce firamare ba, amma ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri sau da dama a kan 'yancin mata na jefa ƙuri'a. Shirye-shiryen yau za su iya gano irin Malam. Irin Hajiya Gambo kuwa tun a shafin farko na fom za a tankaɗe ta, kuma asarar tamu ce.

Akwai kuma maganar dawowa. Wasu daga cikin waɗanda suka je sun dawo garuruwansu suna aiki tuƙuru, Allah ya saka musu da alheri. Amma sau da yawa takardar shaidar takan zama hanyar samun aiki a Abuja ko Legas, unguwar da aka ambata a fom kuma ba ta sake ganin mutumin sai da sallah. Ban ga laifin matashin da ya nemi abinci ba. Laifin na tsarin ne da bai tanadi komai ba bayan an gama biki an ɗauki hoto. Sannan rufe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025, wadda ta kasance cikin masu ɗaukar nauyin cibiyoyin YALI na yanki, ya isa ya farkar da mu cewa canjin gwamnati a wata ƙasa yana iya tsayar da abin da muka dogara da shi a dare ɗaya.

Shawarata ita ce mu kafa namu, da Hausa da sauran harsunanmu. Kowace mazaɓa ta tsayar da mutum biyu, mace da namiji, jama'a su shaide su a gaban mai unguwa da liman, a karɓi bayaninsu da baki ko da ajami. A yi horon a kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da muke da su, kwana kaɗan a wata, don kada manomi ya bar gonarsa ko uwa ta bar 'ya'yanta. A ba kowa ɗan alawus da ƙaramin jari na aiki guda a unguwarsa, a kuma haɗa shi da dattijo mai gogewa, tsohon ma'aikaci ko alƙali mai ritaya, da zai riƙa duba shi har shekara. Lallai a nisanta shirin daga hannun ciyaman da kansila, in ba haka ba zai koma rabon gurabe ga 'yan jam'iyya.

Lokacin ma ya dace. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, dokar rage shekarun takara ta 2018 kuma ta ba ɗan shekara 25 damar neman kujerar majalisar jiha. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44. Wa zai bibiyi waɗannan kuɗi idan mutanen unguwa ba su san yadda ake tambaya ba?

Don haka ina kira ga gwamnonin Arewa da masarautunmu da attajiranmu masu gidauniyoyi da su fara ko da a ƙaramar hukuma ɗaya ce a kowace jiha. Ku kuma 'yan'uwa da kuka je Amurka ko Accra kuka dawo, ku fassara abin da kuka koya zuwa Hausa, ku zauna da ƙannenku a tsakar unguwa ku koya musu.



Naka,
Mai karatu daga Zariya, Jihar Kaduna